Likita ya rubuta mani "atiraitis" a kati: tambayoyin da mutane ka yawan yi kan amosanin gaɓɓai

Ni ma'aikacin jinya ne a nan cikin garin Sakkwato, ba likita ba, amma tunda mutanen unguwa sun san aikina kusan kullum sai wani ya tare ni, ko bakin masallaci bayan Isha'i ko wurin zaman suna, ya zaro katin asibiti daga aljihu ya ce don Allah duba mani mi anka rubuta nan. A katin dattawa kalmar da ta fi yawan fitowa ita ce wagga da ake faɗi atiraitis. Ita ma Innarmu ta daɗe tana fama da gwiwa ana ta ba ta maganin sanyi kafin a gane kan ciwon, shi ya sa maganar ke ci mani rai. Ga tambayoyin yadda ake yi mani su.

Ɗana, mi ake nufi da wagga kalma atiraitis?

Asalinta daga Girkanci take, kalmomi biyu ne anka haɗa. Na farkon, artiron, yana nufin gaɓa, wato mahaɗar ƙashi biyu kamar gwiwa, kafaɗa, wuyan hannu, idon sawu. Wutsiyar kuma, aitis, duk inda ka ji ta a bakin likita tana nufin wurin ya kumbura yana zafi. Shi ya sa za ka ji hefataitis ga hanta, afendisaitis ga afendis, meninjaitis ga sanƙarau irin wanda ya addabi Zamfara da nan Sakkwato a 2017. To atiraitis ke nan kumburin gaɓa.

Abin da nike son kowa ya riƙe shi ne wagga kalma ba sunan ciwo guda ba ce, sunan dangi ce, akwai ciwo sama da iri 100 a ƙarƙashinta. Kamar a ce maka kana da zazzaɓi ne, ai sai ka tambaya na cizon sauro ko taifot, don maganinsu ba ɗaya ba. Haka nan in likita ya ce Baba kana da atiraitis, kada ka tashi daga kujerar nan sai ka ce mashi likita wane iri.

Da Hausa fa, shi ne sanyin ƙashi ko amosani?

Duka ana faɗi, amosanin gaɓɓai, sanyin ƙashi, ciwon gaɓɓai. Ita kanta kalmar amosani tana da faɗi a Hausa, muna da amosanin jini wato sikila, muna da amosanin kai, don haka sai an ce na gaɓɓai ake gane inda anka dosa. Ni dai na fi son amosanin gaɓɓai a kan sanyin ƙashi, kuma ina da dalili. Kalmar sanyi mun ɗora mata kaya ya yi mata yawa, sanyin hunturu sanyi, ciwon da ake ɗauka wurin saduwa sanyi, ƙaiƙayi da fitar ruwa ga mata sanyi, ciwon gwiwar tsohuwa shi ma sanyi. Masu maganin da ke yawo da lasifika bakin kasuwa sun gane haka, sai su haɗa gora guda su ce tana maganin sanyi kowane iri, alhali abubuwan nan ko kusa ba su da alaƙa.

In kin je gaban likita kada ki tsaya kan "sanyi ke damuna". Nuna gaɓar da yatsa, ki faɗi tun yaushe, da safe ya fi tsanani ko da yamma, yana kumbura ko a'a. Wanga bayani ya fi rabin gwaji amfani.

Ni a katina ba haka anka rubuta ba, wai atiraljiya, na maƙwabcina kuma atirofati. Duk abu guda ne?

'Yan uwan juna ne amma ba ɗaya ba. Atiraljiya na nufin gaɓa tana ciwo kawai, ba a ga kumburi ko wata ɓarna ba, kamar yadda maleriya ko mura ke sa mutum ya ji gaɓɓai duk sun saki, ciwon ya tafi su ma su tafi. Atirofati kuwa ita ce babbar rumfa, ma'anarta cutar gaɓa ko ma wace iri, da kumburi ko babu. Likitoci sun fi amfani da ita in wani ciwo daban ne ya taɓa gaɓar, misali mai ciwon suga da ya daɗe jijiyoyin ƙafarshi sunka mutu har ƙasusuwan sawun ke rugujewa bai ji ba, ko mai sikila. Sai rumatizim da tsofaffin ma'aikata ke faɗi, wannan tsohuwar kalma ce ta gama-gari, kusan daidai da yadda muke cewa sanyin ƙashi, ba ta nuna takamaiman ciwo.

Waɗanne iri sunka fi yawa?

Na ɗaya da nisa shi ne ostiyo-atiraitis, ni ina ce mashi amosanin zaizaya. A kan kowane ƙashi cikin gaɓa akwai guringuntsi mai santsi, irin wanda kake gani fari a kan ƙashin kaza, shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. In ya zaizaye sai tafiya ta zama aiki, gwiwa ta riƙa ƙara, a hankali ƙafa ta gwame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kimanin mutum miliyan 528 ke da shi a duniya, kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kashi 60 mata ne, kuma gwiwa ce ta fi kamuwa. Shekaru, ƙiba, tsohon targaɗe ko karaya kusa da gaɓa, gado, da aikin da ke sa durƙuso da ɗaukar kaya, irin na masu dashen albasa a fadama da 'yan dako a Babbar Kasuwa, duk suna jawo shi.

Sai kuma rumatoyid, shi ba zaizaya ba ce, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa fatar da ta lulluɓe gaɓar daga ciki. Bai kai wancan yawa ba, wajen mutum miliyan 18 a duniya a shekarar dai 2019, kusan kashi 70 mata, amma ya fi saurin nakasa mutum kuma yakan taɓa ido, huhu da zuciya. Sai gawut da na ƙwayar cuta, kowanne na da tambayarshi a ƙasa.

Yaya zan gane na zaizaya daga rumatoyid kafin in je asibiti?

Ganewa ta ƙarshe ta likita ce, amma akwai alamu. Na zaizaya yana son manyan gaɓɓai masu ɗaukar nauyi, gwiwa, ƙugu, gadon baya, sau da yawa ɓangare guda ya fi, yana tashi in anka yi aiki ya lafa in anka huta, in an tashi da asuba jiki ya ƙage amma kafin rabin awa ya sake. Rumatoyid kuwa ƙananan gaɓɓai yake fara kamawa, yatsun hannu da wuyan hannu, dama da hagu tare, da kumburi mai laushi da ɗumi, kuma ƙagewar safe sai ta kai awa guda ko fi, mace ta kasa murɗa marfin gora ko matse tsumma, ga kasala ga rama. In haka kike ji tsawon makonni, ko da shekarunki 30, kada ki jira. Dalilin gaggawar na cikin amsar ko ana warkewa.

Wai an ce ruwan gwiwata ne ya ƙare, gaskiya ne?

Magana ce da ta bi gari amma ba haka abin yake ba. Guringuntsi ne ke cinyewa kamar yadda na faɗa a sama, ruwan gaɓa kuwa jiki na yin sabo kullum, hasali ma gwiwa mai ciwo sau da yawa ruwan ƙaruwa yake har ta kumbura. Daga wagga magana ne tsoro ke zuwa, in likita ya ce zai ja ruwa da allura mutane su ƙi wai gwiwa za ta bushe. Ba ta bushewa. Jan ruwan na rage tauri, kuma shi ne ke nuna ko mugunya ce ko gawut.

Sanyin hunturu, kwana a ƙasa, ko shan ruwan firij na kawo shi?

Ba su kawo shi. Mutane da yawa da sun riga sun kamu sukan ce ciwon ya fi tashi a Disamba da Janairu in iskar hunturu ta buso, ban musa masu ba, sanyi na sa nama ya ɗaure mutum kuma ya rage motsi. Amma ai ga watan Afrilu nan da zafi ke wuce digiri 40 a garin ga, gwiwar ba ta warke ba. A ji ɗumi a sa safa a gasa da ruwan ɗumi, duk daidai ne, kawai dai kada a ɗora wa ruwan sanyi laifin da ba nashi ba a bar ainihin dalili.

Yaro ƙarami fa, zai iya samun amosanin gaɓɓai?

Ƙwarai, kuma na yara ya fi ban tsoro don ana yawan cewa girma ne ko ƙiriniya. Abu na farko da za a duba a ƙasarmu shi ne sikila, yaro na yawan kukan ƙashi, hannu da ƙafa na kumbura tun yana jariri, ido na yin rawaya, a yi gwajin jinotayif. In sun girma kan ƙashin cinya na iya mutuwa saboda jini bai isa wurin, sai ka ga saurayi na ɗingishi yana riƙe ƙugu.

Na biyu wanda iyaye ba su sani ba, yaro tsakanin shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro ba a kula ba, bayan mako biyu ko ukku sai zazzaɓi da ciwon gaɓa mai ƙaura, yau gwiwa gobe idon sawu jibi gwiwar hannu. Gaɓɓan za su warke sumul, amma ciwon na iya lalata ƙofofin zuciya har ƙarshen rayuwa, shi ya sa ake sa irin yaran ga kan allurar fenisilin duk mako ukku ko huɗu tsawon shekaru. Akwai kuma amosanin garkuwar jiki na yara 'yan ƙasa da shekara 16, in gaɓa ta kumbura ta wuce mako shida a kai yaro ga likitan yara.

Yaushe ne ciwon gaɓa ke zama na gaggawa?

In gaɓa guda ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi rau, mutum bai yarda a taɓa ko a motsa ta ba, ga zazzaɓi, ko jariri ya daina motsa ƙafa guda yana tsala kuka in an ɗaga ta, to asibiti a ranar, ba gobe ba. Wannan mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga ta tara mugunya, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya cinye guringuntsin gaba ɗaya ko ta bi jini. Na ga yaron da anka kawo daga ƙauye bayan an yi mako biyu ana tsaga ana shafa, ya rayu alhamdulillahi amma gwiwar ta sandare ke nan. Ina girmama wanzamai da maɗora, suna cikin al'ummarmu tun kaka da kakanni, amma ƙaho ko tsaga a kan gaɓa mai zafi buɗe wa cuta ƙofa ne.

Akwai masu zuwa a hankali kuma. Tarin fuka na shiga ƙashin baya ko ƙugu har ya yi doro. Ciwon sanyi na saduwa in ba a yi magani ba yana sauka a gaɓɓai. Masu kiwo da masu shan madarar da ba a dafa ba na iya ɗaukar wata cuta daga dabbobi, burusela, mai sa zazzaɓi mai zuwa ya tafi, gumin dare da ciwon baya. In kana hulɗa da shanu da awaki ka gaya wa likita ko bai tambaya ba.

Bayan Babbar Sallah babban yatsan ƙafata ya kumbura cikin dare, ko zane ban iya bari ya taɓa shi. Mi ke nan?

Alhaji wannan ya yi kama da gawut sosai. Akwai wani sinadari a jini, yurik asid, da ƙoda ke fitarwa ta fitsari, in ya yi yawa sai ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Jan nama, kayan ciki irin hanta da ƙoda, lemun kwalba mai zaƙi, giya, ƙarancin shan ruwa, ƙiba, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari duk suna ɗaga shi, ka ga kwana ukku ana suyar rago ana kora lemu cikin zafin nan ai an haɗa mashi komai. Ya fi kama maza, mata sai bayan sun daina al'ada. Yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu ko ba magani, nan mutane ke ruɗuwa su ce jiƙon da sunka sha ne ya yi aiki, sai ya dawo.

Maganinshi kashi biyu ne, na kashe wutar lokacin da ya tashi, da na rage sinadarin wato alofurinol wanda ake sha kullum ko ba ciwo, shi ba maganin raɗaɗi ba ne. Nono da kindirmo ba su da laifi, suna ma taimakawa, in dai an dafa madarar. Kuma tunda gawut da mugunya kamanninsu ɗaya a ido, karon farko dole a je a duba, koma ka karanta amsar gaggawa.

Wane gwaji ake yi, kuma don mi anka ce jinina lafiya lau alhali ina jin ciwo?

Na zaizaya ba a ganin shi a jini, tambaya da dubawa da hoton ƙashi ke nuna shi, za a ga tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta matse. Ga rumatoyid ana gwajin jini na alamun kumburi da wasu gwaje-gwaje na garkuwar jiki, amma wani na da ciwon gwajin ya fito babu, wani tsoho lafiyayye kuma ya fito akwai. Shi ma yurik asid yana iya fitowa daidai a tsakiyar tashin gawut. Don haka takardar lab ita kaɗai ba ta yanke hukunci, kai ta ga likitan da ya tura ka.

Haɗin da nike saye a kemis na yi mani aiki, mi ye laifinshi?

Nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Ƙullin nan na ƙwaya huɗu ko biyar a leda, galibi za ka tarar da diklofenak da ibufurofen ko Feldene a tare, waɗanda duk gida ɗaya ne bai kamata a haɗa su ba, sannan a jefa dekza ko firedinisolon, magungunan danne kumburi da ake ce ma sitiroyid. Tabbas za ka ji sauƙi har ka yi tafiya kasuwa, amma na farkon suna huda ciki su kawo olsa mai zubar jini, suna ɗaga hawan jini, suna cin ƙoda a hankali ba ka sani ba, balle ga dattijo mai azumi cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki. Ita kuma dekza in an daɗe ana sha fuska ta kumbura mutane su ce ai Hajiya ta yi kyau ta murmure, alhali suga ne ke hawa, ƙashi na yin rauni, har kan ƙashin cinya na iya mutuwa kamar na mai sikila. A ƙasashe da dama an sha gwada garin maganin gargajiya na ciwon gaɓɓai a tarar an daka irin waɗannan ƙwayoyi a ciki.

In ka daɗe kana shan dekza kada ka yanke ta rana ɗaya, hakan na da haɗari, likita ne zai rage maka sannu-sannu. In bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, ko ƙafa da fuska na kumbura, ko fitsari ya ragu, a tafi asibiti. Ga gwiwa da yatsu diklofenak na shafawa ya fi na haɗiya aminci nesa ba kusa ba, farasitamol kuma babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini.

Ana warkewa kuwa?

Ya danganta da irin. Na mugunya in an zo da wuri ana warkewa. Gawut ana iya danne shi har mutum ya shekara bai ji ba. Na zaizaya guringuntsin da ya tafi bai dawowa, duk wanda ya ce maka gorarshi na tsiro da shi kuɗinka yake so, amma ana rage ciwon sosai, akwai allurar da ake yi cikin gwiwa mai ba da sauƙi na makonni wadda ba a yawaita ta, in abin ya ƙi kuma akwai aikin canza gwiwa ko ƙugu da ke kai shekara 15 zuwa 20 ko fi.

Rumatoyid ba a tumɓuke shi amma akwai magungunan da ke tsayar da ɓarnar, kuma watannin farko su ne zinariya don yatsan da ya riga ya karkace magani bai miƙe shi. Babban cikinsu metotirekset, sau ɗaya a MAKO ake sha, ba kullum ba, shan shi kullum na iya kisa, ana haɗa shi da folik asid ana kuma duba jini da hanta lokaci-lokaci, mai ciki ko mai neman ciki ba ta sha. Yana ɗaukar makonni kafin a ji aikinshi, kada a yar da shi a mako na biyu.

Sallah na yi mani wuya, sujada da tashi. In riƙa hutar da gwiwar ne?

Addini ya sauƙaƙa, hadisin Imrana ɗan Husaini na cikin Bukhari, ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka, sauran bayani ka tambayi malaminka. Innarmu sai da ta yi wata tana jin nauyin ɗaukar kujera zuwa sallar Juma'a, yanzu ta saba. Masai na tsuguno ma a sama mashi kujera mai rami, a ɗaga gado da wurin zama, girki da wanki a bar yin su a durƙushe.

Amma kwanciya gaba ɗaya ita ke ƙarasa gwiwa, don naman cinya shi ke riƙe ta, in ya saki ciwo ya ƙaru. Ki zauna a kujera ki miƙe ƙafa ɗaya sambal ki ƙirga goma ki sauke, sau goma kowace ƙafa safe da yamma, da 'yar tafiya bayan Asuba kafin rana ta yi zafi. Kowane kilo ɗaya da anka rage na jiki yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, in gwiwar dama ke ciwo sanda a hagu, da yawa suna yin akasin haka.

A nan Sakkwato ina za mu dosa?

A fara da asibitin da ke kusa, su duba hawan jini da suga su rubuta takardar turawa in da buƙata. A cikin gari akwai Asibitin Ƙwararru na jiha da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai asibitin ƙashi a Wamakko, wasu kuma kan tafi har asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ku nemi a haɗa ku da sashen gashi, wato masu fisiyo, su ne za su koya maku motsa jikin da ya dace da irin ciwonku. Ranar zuwa a taho da tsofaffin katuna da hotunan ƙashi, da duk maganin da ake sha a cikin ledarshi har da haɗin kemis da garin gargajiya, kuma in tsohuwa ce a haɗa ta da wanda zai iya riƙe bayanin likita ya rubuta sunan irin amosanin da anka ce tana da shi.